Jan Ƙyalle a Gonar Taubashina

A wajenmu, kafin a tambayi dami nawa mutum ya samu, gonarsa ake kallo da bazara. In an wuce an gan ta fes, an yi sassabe an tara an ƙone, babu ko tsinke a tsaye, sai a ce wane manomi ne. In kuwa aka ga sabara da kalgo sun miƙe a ciki, to ko mai gonar ba shi da lafiya, ko raggo ne. Haka muka taso muka tarar. Ni kuma aikin da na yi har na yi ritaya, wato malamin gona, rabinsa roƙon mutane ne su rage wannan tsabta. Ban iya roƙo ba. Ina da saurin hawa, kuma tsofaffin manoma sun iya kallon mutum da murmushi har ya gama bayaninsa, su ce Allah ya yi albarka, gobe su ɗauki gatari.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a na samu waɗanda ke sauraro na. Mutane ne da sana'arsu ta tsaya a birni, suka tattaro suka dawo gonakin gado. Akwai masu kiɗa a otal, akwai masu aikin gidajen da aka rufe, ga kuma 'yan fansho da suka gaji da jira. Ba su san komai a noma ba, saboda haka ba su da abin da za su yi gardama da shi. Na fi jin daɗin aiki da su.

A cikinsu har da taubashina, ɗan kawuna. Tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Shi ke juya injin majigi a wani gidan silima a birni. Da mai gidan ya ga yadda iska ke kaɗawa, sai ya rufe, ya mayar da wurin ɗakin ajiyar taki. Taubashina ya dawo ƙauyensu a ƙasar Sandamu da mata ɗaya da 'ya'ya ƙanana, da katifa, da wani ƙaton jan labule da aka ba shi a madadin sallama. A ƙauyen ba wanda ke kiran sunansa, sai ɗan silima. A gabansa ana faɗa da dariya, shi ma yana dariya. Amma ranar da ya zo gidana a Daura, bayan ya cinye tuwona ya kushe miyar, ya ce da ni:

"Bawana, abu biyu nake so. Gonar nan ta ci da gidana, kuma a daina ce mini ɗan silima. Ko sau ɗaya ne wani ya ce wane manomi."

Na ce, "Na farkon da sauƙi. Na biyun sai dai ka sake haihuwa."

Gonar da ya gada jigawa ce, farin yashi, an nome ta har ta gaji. Matsalarta iskar farkon damina. A yi shuka, gero ya fito kamar allura, iska ta taso ta kwaso yashi ta yanke shi ko ta binne. A sake shuka. Wata shekarar sai an yi sau uku, irin ya ƙare, damina ta yi nisa. Babu itace ko ɗaya da zai tare iskar. Amma a ƙarƙashin yashin akwai kututtura, na sabara da kalgo da gawo da magarya, da saiwoyinsu da rai. Kowace shekara suna tohowa, kowace bazara ana sare su.

Na kai shi gaban wani kututturen gawo da ya fitar da tsiro cunkus, na miƙa masa wuƙa.

Ya ce, "Wanne ake bari?"

Na nuna masa. Ka duba waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, ka bar biyu ko uku, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa, yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Shi ke nan. Ba a saye, ba a dasawa, ba a ban ruwa, saiwar ta riga ta san inda ruwa yake. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Abin da ake nema kawai tsiron ya kai shekarun da zai fi ƙarfin bakin akuya da gatarin masu neman itace. Don haka na ce ya ɗaura wa kowanne tsumma, a san da mai shi. Haka nake gaya wa kowa.

Da na koma bayan sati biyu, tun daga nesa na hango gonar ta yi ja. Ya yayyaga labulen silima ya ɗaura wa kowane tsiro.

Na ce, "Kai, duk tsumman duniya ka rasa sai ja? Ka san mutanenmu. Jan ƙyalle a jikin itace, ka san abin da za a ce."

Ya ce, "Awaki ba su san bori ba. Masu saran itace kuwa in sun ji tsoro, ai na huta da gadi."

Na yi masa faɗa, ya yi mini waƙar Indiya. Kuma gaskiyarsa ce ta wannan fannin. A gonakin sauran sababbin manoman da nake bi, ana zuwa a sare tsiron da tsummansa. A tasa ko reshe ba a taɓa karya ba. Mata masu itace sukan zagaye ta ta can nesa. In an tambaye shi a bakin masallaci mene ne wannan a gonarka, sai ya ce 'yan kallo ne, ya yanka musu tikiti. Ni na yi bayani a gaban mai unguwa, na sake yi a wani taro, aka ce to, Malam, mun ji.

A kusurwar gabas akwai wani ɗan kwari da ruwa ke kwanciya. Na ce ya bar shi kada ya nome, ya bar gamba da geza su yi yadda suke so. Ya ce dama ƙugunsa bai kai can ba. A shekara ta biyu fakara ta yi ƙwai a wurin. Ya hana 'ya'yansa ɗauka, ya zo har ofis ya gaya mini kamar matarsa ce ta haihu. Daga baya aka fara ganin bushiya, da zomo jefi-jefi, kurciyoyi kuma suka samu wurin sauka.

A shekara ta uku gawon ya wuce kaina. Sabara ta tare yashi ya taru a gindinta, ganyen kalgo ya ruɓe a wurin ƙasar ta yi duhu. A daminar nan sau ɗaya ya yi shuka, maƙwabtansa na dama da hagu suka sake. Da kaka ya aiko a kira ni. Na zo na tarar ya jera dammunan gero a ƙofar gida, yana ware ɗaya cikin goma.

Ya ce, "Zo ka gani da idonka, bawa. Ɗan silima na fitar da zakka."

Na ce, "Ka ba ni, ai ni ne miskinin da ya wahala."

Hatsin ya kai su har wata damina ta kusa. Amma sunan bai sauya ba. An ce dai ɗan silima ya yi sa'a bana, wasu kuma suka ce ba banza ba.

Da bazarar da ta biyo baya, ana tsakiyar zafi, sanƙarau ya shigo ƙauyukan. Taubashina ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sanƙare, aka ɗauko shi a mota zuwa asibiti. Kafin in gama neman maganin da aka rubuta, an rufe masa fuska.

Ban ji komai ba. Ina faɗa ne yadda yake. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, na kama makara, na shiga kabari na karɓe shi. Hannuna na aiki daidai. A zaman makoki mutane na zuwa suna cewa ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki, ina kallon tururuwa na jan ƙwayar gero a gefen tabarma. Na tuna ina tunanin tayar babur ɗina ta baya ta sha iska, ya kamata in duba. Matata ta ce in yi kuka ko zan samu sauƙi. Na zauna a ɗaki na jira, bai zo ba, na tashi na yi alwala. Abinci ina ci, ba na jin gishiri. Haka na koma aiki, ina bin gonakin mutane ina cewa a bar biyu ko uku, bakina na faɗa ni ina wani wuri.

Matarsa ta shiga takaba. 'Ya'yan ba su kai riƙe fartanya ba. Na sa a raina gonar tana wuyana, amma na ce sai an yi sadakar arba'in in zauna da dangi a tsara. Damina da saura.

Wata safiya na taso daga Daura da ɗan buhun masara zan kai musu. Ina sauka daga kwalta na hango hayaƙi ta gabas da gari. Lokacin sassabe ne, ko'ina hayaƙi, ban kawo komai ba. Sai da na zo kan hanyar shanu na ga daga inda yake tashi.

Maza ne sun kai talatin, da gatura da adduna. Sun kusa gamawa. An tara rassa tsibi-tsibi ana cinna wuta, ɗanyen gawo na ƙara a ciki. Kusurwar gabas ta riga ta zama toka. Gonar ta yi fes tun daga wannan iyaka har waccan, irin yadda ake so. Wani saurayi na kan na ƙarshe, gawon da ke bakin hanya, wanda ya fi duka tsawo. Ina zaune a kan babur, injin na aiki, na ga gawon ya kwanta.

Na kashe babur na jingine shi. Na duba tayar baya, ta sha iska kuwa.

Dattijon da gonarsa ke maƙwabtaka da ta marigayin, wanda ya yi abota da kawuna, shi ya taho yana share zufa da hularsa. Fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi abin kirki.

Ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri? Ka ganmu. Muka ce marayun nan ba su da kowa, ruwa kuma ya kusa. Shi ne na yi gayya. Ko ruwan sha ba mu nema a gidan ba, kowa da furarsa ya zo."

Na ce, "Sannunku, Baba."

"Allah ya jiƙansa, bai samu ya gyara ta ba. Ka san wanda bai tashi a ciki ba. Daji ya cinye ta." Sai ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya rage murya. "Tsummokaran nan kuma, ni da kaina na bi na kwance, na sa a wuta tun kafin yara su iso. Ba sai an yi ta magana ba. Mutum ya riga ya tafi, a rufa masa asiri. Ɗan amininmu ne. Allah ya yafe masa, ya yafe mana."

Ni da ake tsoron bakina a ofis, ni da na taɓa jefar da allo a taron manoma don an yi mini dariya, na tsaya ina neman fushin a cikina kamar mai laluben aljihu. Babu. Na ga ƙafar dattijon ƙaya ta yage ta, jini ya bushe da toka a kai. Tun asuba yake nan, da shekarunsa.

Na ce, "Amin, Baba."

Aka yi addu'a a tsaye a tsakiyar gonar, aka roƙa wa mamaci gafara, aka shafa. Na shafa tare da su.

A gidan, matar tana bayan zana, ni ina zaure. Ba ma haɗa ido dama can, balle tana takaba. Ta gaishe ni, na gaishe ta, na ce ga masara.

Ta ce, "Malam, an ce sun gyara gonar."

Na ce, "Sun gyara."

Ita ce ke tsinko masa ganyen kalgo, ita ta taya shi yaga labulen. Ta san abin da aka gyara.

Ta ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Na ji ta tashi, na ji buɗe kwalla. Ta turo ɗan ƙunshin goro ta ƙarƙashin zana, cikin na gaisuwar da aka kawo mata. Ta ce, "Don Allah a kai musu, a yi mini godiya. Kada a ce ba mu gode ba."

Na kai. Na bi su gida gida, na ce iyalin marigayi na godiya, Allah ya saka da alheri. Kowa ya ce ai yi wa kai ne.

Ruwa ya sauka. Su dai 'yan gayyar suka yi shukar, iska ta binne, suka sake da irinsu, ba su karɓi ko ƙwaya ba. Ina so a san wannan, mutanen kirki ne. Bayan ruwa na biyu na je na zagaya gonar ni kaɗai. Kowane kututture ya fitar da tsiro cunkus, kore shar, daga gefen inda wuta ta lasa. Saiwa ba ta san an yi rasuwa ba. Na tsaya ina kallo, na san ya kamata in ji daɗi, na lura dai cewa ya kamata.

Sai dattijon ya aiko cewa ranar Asabar za su yi gayyar noman fari. Na san abin da fartanya ke yi wa tsiro in ta same shi a kan kunya.

Ranar na riga su zuwa. Ba ni da tsumma, kuma ko ina da shi ba zan ɗaura ba. Da suka ja layi suka sunkuya, sai na shiga gabansu. In layin ya kusa kututture, in je in tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, in ce a bar wannan. Su zagaye ni. In wuce na gaba in tsaya. Ban yi bayanin iska ba, ban yi na taki ba, na gaji da bayani. A bar wannan, kawai. Da takalmin ofis da doguwar riga, ina tsallake kunya ina tsayawa a kan itacen da bai kai tafin hannu ba.

Wani ya fara gunaguni, na ji dattijon ya ce masa, "Ku bar shi. Ku yi yadda ya ce. Mutuwar ce ba ta sake shi ba."

Ina ma hakan ne. Ni na san ba ta ma kama ni ba tukuna. Amma abin da shekaru na bayani ba su samar mini ba, tausayi ya samar mini a wuni ɗaya. Ba a sare ko ɗaya ba. Da maimai na sake zuwa na tsaya. Da bazara na zo da wuƙa na bar biyu ko uku, kuma na riga kowa faɗa cewa sassaben gonar nan nawa ne, kada wanda ya wahalar da kansa. Aka ce Malam har yanzu bai dawo daidai ba, aka ƙyale ni.

Shekara ukun da aka ƙone sai da aka biya su. Daminar farko da ta biyu hatsin bai kai su ko'ina ba, matar ta yi ta surfe da daka a gidajen mutane, ni ma ina kai abin da ya samu. Tsiron kuwa ya fi na farko sauri, saiwar ta ƙara ƙarfi. Kusurwar gabas ta fi daɗewa. Gamba ta dawo, fakara ban sake ganin ta ba.

Yanzu in ka bi hanyar shanun nan za ka ga gawo a tsaye a gonar, manya, ana tara 'ya'yansu a buhu a kai kasuwa. 'Ya'yan marigayin ke nomanta, tana ci da su. Maƙwabta ma sun fara bari, ɗaya biyu, da suka ga wa ke sake shuka wa ba ya sakewa. In baƙo ya tambaya, sai su ce wani malamin gona ne ya kawo abin, wanda ya ɗan taɓu bayan rasuwar ɗan'uwansa. Na sha cewa ba ni ba ne, shi ne, shi ya fara, da hannunsa. Sai a ce Allah sarki, Malam, zumunci.

Dattijon ya rasu yana ganin ya rufa wa ɗan amininsa asiri. Na je jana'izarsa, kuma ban taɓa gaya masa komai ba.

Bara na je ɗaurin auren babbar 'yar taubashina. Muna zaune a ƙofar gida ana jiran liman, wani cikin waɗanda suka yi gayyar ya dubi rumbunan gidan ya ce, kai, ɗan silima ya bar wa 'ya'yansa gona. Sai ya rage murya kamar yadda suke yi duk in an ambace shi, ya ce Allah dai ya yafe masa.

Kowa ya ce amin. Na juya gefen hagu, inda taubashina yakan zauna, don in ga me zai ce da wannan. Wani baƙo ne a wurin yana ɓare goro. Na ce amin.